"Ban Gan Shi Ba": Kwana Huɗu da Matasa a Sansanin Su na Gaɓar Tekzas

Wannan bayanin tafiya guda ce, wadda muka yi da matasa tara zuwa gaɓar tekun Tekzas a watan Yuni, don su koyi su da koton gashi a ruwan gishiri. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Hustan, kuma ni na kawo shawarar a taron iyaye, ni na rubuta tsarin. Saboda haka kurakuran da zan ambata nan gaba da hannuna a cikinsu dumu-dumu.

Yaran 'yan shekara 13 zuwa 16 ne, maza shida mata uku. Iyayensu daga Kano, Sakkwato, Yawuri, Maraɗi da Zangon Kumasi suka fito, amma su a nan Amurka aka haife su ko suka tashi, kuma babu wanda ya taɓa tsoma ƙafa a teku har gwiwa. Manya mu huɗu ne: ni, da mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan matan wadda ma'aikaciyar jinya ce, yara suna ce mata Anti, sai jagorori biyu 'yan wurin da muka ɗauka haya tare da jiragensu. Ɗayansu dattijo ne da rana ta dafa wa wuya, mai ƙarancin magana. A takardar da na raba wa iyaye na rubuta cewa kamun kifi zai koya wa 'ya'yansu haƙuri. Abin da kowa yake faɗa ke nan game da kamun kifi, ni ma na kwafa ban yi tunani ba.

Wurin

Daga Hustan zuwa Aransas Pass tafiyar kusan awa uku da rabi ce a mota. Daga nan hanya mai lamba 361 take ratsa ruwa zuwa inda ake hawa jirgin fito, kyauta, a tsallaka zuwa Port Aransas, inda muka kama gida. A gefen wannan hanya akwai wani yanki da ake kira Lighthouse Lakes, ƙananan tafkuna da hanyoyin ruwa da suka sarƙe cikin juna, sun samo sunansu daga wata tsohuwar hasumiyar fitila da aka fara kunnawa a 1857 don shiryar da jiragen ruwa. Ruwan wurin a mafi yawan sassa bai wuce gwiwa ba, wani wajen ma idon sawu. Ƙasansa ciyawar teku ce da laka, da tarin ɓawon kawa mai kaifi kamar aska.

Abu na farko da yaran suka tambaya shi ne me ya kashe itatuwan. A bakin tafkunan akwai ƙirare masu launin toka, tsaye babu ganye, sabbin tsiro suna leƙowa a gindinsu. Itatuwan bakin teku ne masu tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma sanyin watan Fabrairun 2021 ne ya ƙone su, sanyin nan da ya ɗauke wa Tekzas wutar lantarki kwana da kwanaki. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta ƙiyasta cewa aƙalla kifi miliyan 3.8 suka mutu a gaɓar a lokacin. Yaran duk sun tuna daren da suka kwana cikin barguna a Hustan, amma ba su taɓa jin cewa teku ma ya ɗanɗana ba.

Kifin da muka je nema mutanen wurin suna ce masa jan kifi, masana kuma jar ganga, domin namijin yana fitar da wani sauti kamar kiɗan ganga lokacin barbara. Jikinsa ruwan tagulla ne, da baƙin ɗigo kusa da wutsiya. Bakinsa yana ta ƙasa, don haka idan yana tonon ƙaguwa da jatan lande a ruwa marar zurfi sai ya dulmiya kai, wutsiyar ta fito sama tana kaɗawa. Wannan wutsiya ita ce abin da masunci yake fita nema tun duhun asuba.

Irin sun

Wanda ya san fatsa irin tamu, ta sanda da zare da tana, sai ya ajiye wannan sanin a gefe. A nan ƙugiyar ba ta ɗauke da abinci. Ana ɗaure mata gashin tsuntsu da na barewa da zare mai ƙyalli, har ta yi kama da ɗan jatan lande ko ƙaramin kifi. Turawa suna ce mata fulai, wato ƙuda, domin asalin abin kwaikwayon ƙwari ne a rafuka. Koton ba shi da nauyin da zai ja zare, don haka igiyar ce mai nauyi, ita ake lilo da ita gaba da baya da sanda mai tsawon ƙafa tara har ta miƙe a iska ta kai koton inda ake so. Mun fi amfani da wani samfuri da wani masunci mai suna Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987, mai ƙananan idanu na ƙarfe da suke sa ƙugiya ta juya bakinta sama, ba ta kama ciyawa.

Babban abin da ya raba wannan su da sauran shi ne ba a jifa sai an ga kifin. Jagora yana tsaye a kan wani dandamali a bayan jirgi, yana tura shi da doguwar gora ba tare da inji ba. Mai jifa yana tsaye a goshin jirgin. Ana ɗaukar jirgin kamar fuskar agogo, goshinsa ne ƙarfe 12. In jagora ya hango kifi sai ya ce, "Ƙarfe 11, taku goma sha biyar, yana tafiya hagu." Mai jifa yana da daƙiƙa kaɗan ya gan shi, ya sauke koton gabansa kaɗan, ba a kansa ba. Kifi na ganinka, mai jar koma: a ruwan da bai kai gwiwa ba, inuwar igiya kawai ta isa ta kore shi.

Sanduna duk aro muka yi, domin kayan da tsada. Yaran ba su buƙaci lasisi ba, tun da a Tekzas wanda bai kai shekara 17 ba an ɗauke masa. Mu manya mun saya.

Kwana biyu na farko

Tsarin shi ne a tashi sallar asuba, a sha shayi, a shiga ruwa kafin rana ta fito, domin da hantsi iskar kudu maso gabas take tasowa ta hana jifa. Yara biyu-biyu a kowane jirgi, sauran biyar suna tafiya a ƙafa cikin ruwa tare da ni da Anti, ana juyawa. An koya musu jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda wani faffaɗan kifi mai ƙaya mai dafi a wutsiya da yake kwanciya cikin yashi. In ka ja ƙafa ka taɓa shi zai gudu, in ka taka shi zai soke ka.

A daren farko na kafa farin allo a falo, na rubuta sunayen yaran tara, na ja layi a gaban kowane suna don ƙirga kifin da ya kama. Na yi tsammanin zai zaburar da su. Ya zaburar da su kuwa, sai dai ta hanyar da ban so ba.

A kwana biyu kifi ɗaya tak aka kama, shi ma a makance, yaron yana jan igiya don ya sake jifa sai ya ji nauyi. Ba don babu kifi ba. Dattijon ya ce mini da idonsa ya nuna musu fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Na hau jirginsa da safiyar rana ta biyu, na zauna a tsakiya na kalla. Ɗan ƙanwata, mai shekara 15, shi ne a goshi.

"Ƙarfe 10, taku goma sha biyu. Ka gan shi?"

"Na gan shi."

Igiya ta tashi, koto ya faɗi wajen ƙarfe 12. Ruwa ya tumbatsa a hagu, laka ta tashi, kifi ya tafi. Bayan ɗan lokaci aka sake. "Ka gan shi?" "Na gan shi." Wannan karon koton ya sauka a bayan kifin da taku uku. Sau biyar na ƙirga. Da muka sauka na ja shi gefe na ce, "Tsakaninka da Allah, ka ga ko ɗaya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ruwa kawai nake gani."

Da dare na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk amsa ɗaya ce. Kwana biyu suna cewa sun gani, ba su gani ba.

Ba na kiran wannan ƙarya irin ta maƙaryata. Yaran nan mun raine su a kan kada su musa wa babba, in an yi musu bayani su ce "to", in an ce "ka gane?" su ce "na gane". Tarbiyya ce mai kyau a wurinta, ni ma da ita na tashi. Amma a goshin jirgi, dattijo baƙo yana tsaye a bayanka yana ganin abin da ba ka gani, abokinka yana zaune yana jiran layinsa, ga allon Malam yana jira a gida, cewa "ban gan shi ba" ta fi ƙarfin yaro. Abin da ya fi damuna shi ne na san wannan fuskar. Kullum ina ganinta a aji idan na gama bayani na ce akwai tambaya, aka yi tsit.

Safiyar rana ta uku

Autar tawagar ce ta karya abin, yarinya 'yar shekara 13 wadda ko hira ba ta cika shiga ba. Ina cikin jirgin. Dattijon ya kira mata kifi a ƙarfe 1, ya tambaye ta ko ta gani. Ta yi shiru, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Ban gan shi ba."

Sai ya kafa gorarsa a laka, jirgi ya tsaya cak. Ya ce ta naɗe igiyar, ta riƙe sandar kamar ɗan yatsa mai nuni. "Miƙa ta gabanki. Matsa dama. Ƙara. Tsaya. Yanzu bi tsinin sandar da idonki har ƙasa. Kada ki kalli saman ruwan, ki ratsa shi, ki kalli ciyawar." Ta ce ciyawa take gani. Ya ce ta jira, wani abu a cikin ciyawar zai motsa ba yadda sauran suke motsi ba. Muka yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar cikin jirgi. Can sai na ga kafaɗunta sun ɗaga. "Akwai shuɗi," ta ce. Bakin wutsiyar jan kifi yana da wani siririn layi shuɗi-shuɗi, shi ta fara gani, daga nan sauran jikin ya bayyana mata gaba ɗaya kamar an kunna fitila.

Bai bar ta ta jefa ba. Kusan awa guda suka yi suna kallo kawai. Ya nuna mata bambancin ruwan da garken ƙananan kifaye suke rikitawa da doguwar tunkuɗa guda ɗaya da jan kifi yake yi in yana tafe. Ya nuna mata cewa sau da yawa inuwar kifi a kan yashi ta fi kifin kansa fitowa. Ya sa ta cire tabaran da ke kashe ƙyallin ruwa ta mayar, ta ga yadda ƙasan yake ɓacewa ya dawo. Ya nuna mata wasu fararen layuka a cikin ciyawar, tabon farfelar jiragen da suka bi ta ruwa marar zurfi, waɗanda suke ɗaukar shekaru kafin su rufe, shi ya sa tun 2013 tumɓuke ciyawar teku da farfela laifi ne a duk gaɓar jihar.

Da ya ba ta izini, jifa na farko ya gaza. Na biyu ya sauka gaban kifin da kamar kamu ɗaya. Ta ja igiyar da hannun hagu sannu-sannu, kifin ya juyo, ya bi, ya haɗiye. A nan yawancin masu koyo suke ɗaga sanda sama, koton ya fice daga baki. Ita ta yi yadda aka koya mata, ta bar sandar ƙasa ta finciki igiyar da hannu. Kifin ya ja zare har na'urar naɗi ta yi kuka.

Da muka koma gida na goge allon. Muka kafa doka guda: babu mai jifa sai ya nuna kifin da tsinin sanda, jagora ya tabbatar.

Ƙafar ɗan ƙanwata

Da yammacin ranar, wajen alwalar magariba, Anti ta lura ɗan ƙanwata ya juya mana baya yana wanke ƙafar dama, yana taɓa ta a hankali. Ta ce, "Ɗana, kawo ƙafar nan in gani." A tafin akwai yanka mai tsawon ɗan yatsa, gefensa ya yi ja. Tun jiya da rana ya same shi. Takalmansa na ruwa sun jiƙe, ya fita da silifas ya nufi wani tudun kawa shi kaɗai don ya samu abin rubutawa a allo, ɓawo ya tsarge shi. Ya ɗaure da safa ya yi shiru, ya sake shiga ruwa da shi da safe, don kada a hana shi.

Ran Anti ya ɓaci ƙwarai, kuma da dalili. A ruwan gishiri mai ɗumi akwai wata ƙwayar cuta da ake kira bibriyo, tana shiga ta rauni, kuma in ta kama tana iya cin nama cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta fi haɗari ga masu ciwon hanta ko raunin garkuwar jiki, amma ba a wasa da ita a kan kowa. Ta wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ta zana da'ira da biro a iyakar jan don a ga ko yana yaɗuwa, muka kai shi asibiti a daren. Aka duba, aka ba shi magani, aka hana shi taɓa ruwa. Allah ya tsare, jan bai ƙetare da'irar ba.

A mota muna dawowa ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Na ce ni ne zan ba shi haƙuri. Ni na kafa allon, kuma ni ne ban duba ƙafafun yaran ba kafin su fita. Abin da ya hana shi cewa bai ga kifi ba, shi ya hana shi cewa ya ji ciwo.

Maganar sakin kifi

Akwai wata muhawara da ta biyo mu tun daga Hustan. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran, mutumin Yawuri wanda ya tashi a cikin masunta, ya ce mini a taron iyaye, "Malam, in ba ci za a yi ba, me ya sa za a huda bakin dabba? Wannan wasa da rai ne." Ban ɗauki maganarsa da wasa ba, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba.

Abin da na iya kawowa shi ne tarihin kifin. A shekarun 1970 jan kifi ya yi ƙaranci a gaɓar Tekzas saboda tarun 'yan kasuwa. A 1977 wasu masunta suka kafa ƙungiya a Hustan don kare shi, wadda ta zama CCA ta yau, wato ƙungiyar kare albarkatun gaɓar teku, kuma a 1981 jihar ta hana kama shi don sayarwa. Sai kuma wani mashahurin mai dafa abinci na New Orleans, Paul Prudhomme, ya fito da gasasshen jan kifi mai yaji wanda ya karaɗe Amurka, aka shiga kwashe manyan iyayen kifin a tsakiyar teku da taru, jiragen sama suna hango musu garke. Kafin ƙarshen shekarun 1980 sai da gwamnatin tarayya ta rufe kamunsa a ruwanta na tekun Meksiko. Yau doka ta ba mutum uku a rana, masu tsawon inci 20 zuwa 28. Ƙanana ana barinsu su girma, manya ana barinsu su hayayyafa. Wutsiyoyin da yaranmu suka gani, wasu ne suka bar musu su tun kafin a haife su.

Muka tsaya a tsakiya. Mun danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya don ta fita ba tare da yage baki ba. Ba a taɓa kifi sai da jiƙaƙƙen hannu. In an ɗaga shi don hoto, mai riƙe da shi ya riƙe numfashinsa, in ya gaza to kifin ma ya gaza, a mayar. Kuma mun ajiye biyu masu tsawon da doka ta yarda, yaran da kansu suka kankare suka gyara, Anti ta yi mana farfesu. Autar ta ƙi a yanka nata. Ta riƙe shi cikin ruwa, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki ɗaya a wutsiya, har ya buga ya zame daga hannunta.

Abin da muka sauya a tsarin

Na zauna da jagororin da Anti a daren ƙarshe muka bi tafiyar daki-daki. Mun yarda cewa ranar farko gaba ɗaya bai kamata a ba yaro sanda a ruwa ba. A koyi lilon igiya a filin ciyawa da yamma, da safe kuma a fita da tabarau kawai, a koyi gani. Babu allo, babu kyautar wanda ya fi kamu. Kowane dare babba zai duba hannuwa da ƙafafun kowane yaro, ko ya ce lafiya lau. Dattijon ya ƙara da nasa: ya ce shi ma zai daina tambayar yaro "ka gan shi?", domin tambaya ce da take roƙon "e". Zai riƙa cewa "nuna mini". Na ɗauki wannan na kai aji, kuma shi ne abu ɗaya da ya sauya yadda nake koyarwa tun daga lokacin.

Kalmar haƙuri na cire ta daga takardar iyaye. Yaran sun yi haƙuri tun ranar farko, sun tsaya cikin rana da sauro ba ƙorafi, kuma bai kama musu komai ba.

Safiyar ƙarshe ɗan ƙanwata ya roƙi a bar shi ya hau jirgi ko da ba zai jefa ba. Anti ta naɗe masa ƙafar cikin leda ta ɗaure, ta ce kada ɗigon ruwa ya taɓa ta. Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara a tsakiyar jirgin, abokinsa ɗan Maraɗi yana goshi. Rana tana fitowa, ruwan ya kwanta kamar faranti, hasumiyar tana can nesa. Dattijon ya kira kifi a ƙarfe 2. Na ji ɗan ƙanwata ya ce, "Ban gan shi ba tukuna." Bayan ɗan jim ya miƙa hannu ta gefen kafaɗar abokinsa, ya rage murya. "Ga shi can. Biyu ne ma. Na bayan ya fi girma."

Dattijon ya duba, ya ce shi kifi ɗaya ya gani. Ya sake dubawa, sannan ya karkata gorar ya juya goshin jirgin wajen na biyun.